Kada Ka Rufe Famfon Nan

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Yau na naɗe famfon tsakar gida. Tsohon bargon gashin tumaki daga ƙasa, sai kwat ɗin Maigida wanda asu ya cinye wa kafaɗa, sai leda a sama, na ɗaure da igiya. Da na ja baya na dube shi, sai ka ce wani gajeren mutum ne ya tsaya jiran mota. Na sake masa ruwa kaurin tsinken tsintsiya. Daga yau har ƙasa ta yi laushi ba a rufe shi, dare da rana.

Da can aikin Maigida ne, a wurinsa na koya. Shekarar da aka ja mana ruwa, da masu haƙa suka iso gindin katanga sai suka tarar da dutse, suka binne bututun sama-sama. Shi ya ce su bar shi haka, muddin ruwan yana tafiya ba abin da zai same shi. Yau yana zaune a bakin ƙofa yana kallona ina ɗauri, bai san kwat ɗinsa ba ne.

Laraba, 16 ga Nuwamba

Ernis ya kira daga Bishkek. Ɗana ne, Apa yake ce mini, wato Mama, amma in ya fara da "Apa, ki saurare ni" na san ba gaisuwa ya kira yi ba.

"Ranar da bututun nan ya daskare, ba zai sake ba sai bazara. Da me za ki wanke masa shimfiɗa kullum? Ranar zan zo in kwashe ku. Ke ki zauna da mu, Baba kuma akwai asibitin da ake kula da irinsu."

Irinsu. Na ce ubanka ba buhun dankali ba ne da za a ajiye inda aka ga dama. Ya ce ɗaki biyu ne da su, ga jariri, ga matarsa tana zuwa aiki. Ban ce ƙarya yake ba.

Abin da Ernis bai sani ba, shekara biyu da suka wuce, lokacin da mantuwar ta fara kuma Maigida yana gane tana zuwa, ya kama wuyan hannuna a kan shayi ya ce, "Burul, kada ki bari a kai ni inda ban san duwatsun ba. Nan zan mutu, a kai ni kan tudu kusa da babana." Na ce to. Da sauƙin faɗi a lokacin, rani ne.

Juma'a, 25 ga Nuwamba

Na fito da safe na tarar da famfo a rufe, an murɗe shi tam. Na buɗe, ya yi tari, ya yi tari, sannan ruwa ya zo. Sawun takalminsa ne a kan ƙanƙara, ba na kowa ba.

Na ce, "Maigida, don me?"

Ya ce, "Ba ranarku ba ce. Ku jira layinku kamar kowa."

Asabar, 26 ga Nuwamba

Ya sake.

Na gane abin yanzu. Rabin rayuwarsa shi ne murap na ƙauyen nan, mai rabon ruwan gonaki. Da rani ya tashi duniya tana barci, shebur a kafaɗa, ya bi magudanai yana toshe na wanda ya sha, yana buɗe wa na gaba. Shekarar fari har magudanar ƙaninsa ya toshe, suka yi wata ba sa gaisawa. To kansa can ya koma ya tsaya. A wurinsa kullum rani ne, kullum fari ake, kuma ga wata mata marar kunya ta saki ruwa yana zuba a banza.

Matar ni ce. Yanzu "baiwar Allah" yake ce mini. Rabon da ya kira sunana tun kafin a tone dankali.

Alhamis, 1 ga Disamba

Shayirbubu maƙwabciyata ta shigo sallama, gobe za ta tafi wurin 'yarta a Osh sai sanyi ya wuce. Na soya mata boorsok, ƙananan fanken nan namu, ta cinye rabin faranti tana cewa ba ta jin yunwa.

"Ke dai kin cika taurin kai. Ki cire kan famfon mana, ki sa a aljihu. Da haƙori zai murɗa?"

Na ce haƙoransa suna cikin kofi.

Muka yi dariya har na yi hawaye. Da za ta fita ta riƙe ni ta ce, "Burul, ki bi yaron nan. Wanda kike yi dominsa bai ma san kina yi ba." Na ce ta gaida Osh.

Yanzu a layinmu hayaƙi biyu ne ke tashi, namu da na ƙanin Maigida, Ƙaramin Yaro, can ƙarshe.

Asabar, 3 ga Disamba

Na cire kan famfon. Na yi barci.

Talata, 6 ga Disamba

Filaya. Mutumin da bai san hanyar banɗaki ba, ya san inda ya ajiye filayarsa tun zamanin da yake da baƙin gashi. Na kwashe duk ƙarafan gidan, filaya, sifana, guduma, na zuba cikin tanderun burodi na rufe. Ya wuni yana zagaye yana laluben aljihu. Da yamma ya ce mini an yi masa sata, in kira ɗan sanda.

Wanki sau biyu yau. Zanin gado yana daskarewa a kan igiya kafin in matse na biyu, sai in shigo da shi a sandare in jingina kusa da murhu.

Litinin, 12 ga Disamba

Ya daskare.

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, alhali ni ya kamata in fara tunawa. Murap ba da filaya yake tsare ruwa ba. Tsumma ya samu da guntun itace, ya cusa a bakin famfon ya danna da dutse, ya kawo toka ya liƙe gefen, yadda yake toshe magudana. Aiki mai kyau, wallahi. Ko ɗigo bai tsira ba.

Na tafi gidan Ƙaramin Yaro da gudu, irin gudun da gwiwoyina suka yarda. Ƙanin Maigida ne, wanda aka toshe wa magudana shekarar fari. Gemunsa ya yi fari fat, yana da jikoki, amma tun ranar da aka kawo ni gidan nan nake ce masa Ƙaramin Yaro, tunda ba na kama sunan dangin miji.

Ya zo yana tari. Shi kuma jenge yake ce mini, wato matar yaya. "Jenge, kin ga abin da yake yi wa mutane ko? Ni na sha nawa tuntuni, yau ya zo kanki."

Na ce ya rufe mini baki ya ɗora ruwa a wuta.

Muka kwance bargon, muka naɗa tsumma, muna zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa. Ya hana ni zuba tafasasshe, wai ƙarfen zai tsage. A gindin katanga ya tara busasshen kashin tumaki ya kunna, muka bar shi yana ci a hankali tun hantsi. Maigida ya fito ya tsaya yana ɗumama hannu, ya tambayi ƙaninsa ɗan wane ne shi. Ƙaramin Yaro ya ce, "Ɗan babanka ne, baike," wato yaya. Ya juya yana share ido, wai hayaƙi.

Gab da magariba famfon ya yi gurnani ya tofo ƙanƙara, ruwa ya biyo. Na zauna a ƙasa.

"Wannan a wuya ya kama, jenge. In childe ta shigo, tsakiyar sanyin nan, ya kama a ƙarƙashin dutsen nan, ko gidan za ki ƙona a kansa ba zai sake ba."

Talata, 13 ga Disamba

Ernis ya kira. Na ce lafiya lau, ruwa kamar kogi.

Lahadi, 18 ga Disamba

Kwana uku ina kulle ƙofa in sa makulli a ƙarƙashin matashi. Ba zan ƙara ba. Jiya ya tashi ya tarar da ita a kulle, ya yi ta dukanta da kafaɗa yana ihu wai gonar Asan za ta ƙone, yau ranar Asan ce. Asan ya mutu tun Ernis yana makaranta. Na riƙe shi, ya wurgar da ni kan murhu. Daga baya ya durƙusa yana kuka irin na yara, ya jiƙa wandonsa.

Gefen hannuna ya ƙone. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ko sau ɗaya, ko lokacin da yake shan abin da yake sha. Na shafa man tumaki na ɗaure.

Laraba, 21 ga Disamba

Sabuwar dabara. Zaren ulu ja, ragowar safar da na saƙa wa jariri. Ɗaya gefen a idon sawunsa, ɗaya a wuyan hannuna. Da ya motsa sai in farka, in sa kwat, in bi shi. Ya toshe, in tsaya in jira, ya koma ya kwanta, in fita in cire. Ba faɗa, ba kuka. Har sannu da aiki nake yi masa.

Shi yana ramawa da rana, yana gyangyaɗi a gindin murhu. Ni da rana wanki.

Litinin, 26 ga Disamba

Childe ta shigo, kwana arba'in na tsakiyar sanyi. Gashin hancina yana daskarewa kafin in kai famfo. Na ƙara masa tsohon bargo, na ƙara ruwan ya kai kaurin ɗan yatsa.

Ruwan da ke zuba ya tara tudun ƙanƙara daga gindin famfo har bakin ƙofar gida. Dole kullum in sare wa ruwan hanya da gatari, in ba haka ba tudun zai taso ya haɗiye bakin famfon. Gatarin ma a tanderu yake kwana.

Alhamis, 29 ga Disamba

Na faɗi a kan tudun da bokiti biyu. Na daɗe a kwance ina kallon sama, siket ɗina yana manne wa ƙasa. Abin da ya zo mini a rai ba zan rubuta ba.

Asabar, 31 ga Disamba

Sun kira ta bidiyo, teburinsu cike, jaririn ya yi kumatu. Surukata ta ce, "Apa, kin rame." Na ce fitilar ce. Ernis ya ce ya je ya ga asibitin nan, akwai tsabta, akwai ɗumi, ana ba su nama, tagar ɗakin tana kallon wani lambu. Na ce tana kallon dutse? Ya ce, "Apa, bai san ni ba, bai san ki ba. Dutse zai sani?"

Na nuna wa Maigida wayar. Ya gaida ɗansa da ladabi, ya ce in batun ruwa ne ya zo da safe.

Alhamis, 5 ga Janairu

Na zuba gishiri a shayi sau biyu. Na sa burodi a murhu na manta har ya zama gawayi. Ɗazu na tsinci kaina tsaye a tsakar gida da gatari, na rasa me na fito yi.

Sau huɗu ya tashi jiya. Ko biyar.

Asabar, 7 ga Janairu

Ƙaramin Yaro yana kwance, ƙirji. Na kai masa romo. Matarsa ta ce ɗansu zai zo ya kai shi asibitin Naryn. Ya kalle ni daga cikin bargo ya ce, "Jenge, wa zai fara tafiya, ke ko bututun?" Na ce shi, in bai shanye romon ba. Bai yi dariya ba, ni ma.

A hanyar dawowa na tsaya na dubi tudun maƙabarta. Ƙasar can yanzu ko da wuta sai an kwana biyu ana haƙa. Na kama kaina ina lissafin da bai kamata mace ta yi wa mijinta ba. Astagfirullah.

Litinin, 9 ga Janairu

An ɗauke wuta tun jiya. Rediyon batir ya ce wani sanyi yana tafe wanda aka daɗe ba a ga irinsa ba, a shigar da dabbobi, a bar famfo a buɗe. Na gode, da ban sani ba.

Tsuntsu biyu na tsinta a gindin katanga, sun bushe.

Ina son mutumin nan. Ina rubutawa ne don in gani da idona, saboda yau da na canza masa wando na uku ban ji komai ba sai wari.

Laraba, 11 ga Janairu

Ban san yadda zan rubuta jiya ba.

Ya tashi, ya fita. Ina jin ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashin takalminsa, ina jin yana bubbuga itacen da dutse. Ƙarar zubar ruwan, wadda kunnena ya saba da ita har ba na jin ta, ta tsaya. Gidan ya yi tsit.

Ya dawo ya shiga bargo, jikinsa kamar ƙarfe. Ya lalubo kafaɗata ya dafa, ya ce, "Burul."

Na ƙi motsi.

"Burul, na rufe. Gonarmu ta sha, ta kowa ta sha. Kwanta ki huta, tsohuwa, kin gaji."

Muryarsa ce ta da, wadda yake dawowa da ita daga magudanai da ƙafa duk laka. Na ce, "Sannu da aiki, Maigida." Ya ce in tashe shi in shayi ya yi. Na ce to. Na ce bari in ɗan jira hannunsa ya yi ɗumi, kada in motsa ya farka, sai in fita in cire.

Da na buɗe ido rana ta kai tsakiyar taga.

Alhamis, 12 ga Janairu

Famfon ya daskare, jiya da yau ina kansa. Ruwan zafi har na ƙarar da abin da ke cikin randa da bokitai. Kashin tumakin da na yi tanadi na childe, na ƙona kusan rabi a gindin katanga. Ƙasar ta yi baƙi, na sa gatari, ƙasa da tafin hannu ɗaya sai ka ce ƙarfe nake sara. Na kara kunne a jikin bututun. Babu komai.

Ƙaramin Yaro yana Naryn. Matarsa ta ba ni bokiti biyu daga nasu, na jawo a kan katako, na huta sau ba adadi a hanya. Bokiti biyu shayi ne da alwala da wando ɗaya. Dusar ƙanƙarar bana ba ta da kauri, na cika tukunya na narka, abin da ya fito bai kai kofi uku ba, shi ma da ƙasa.

Shimfiɗar jiya tana bayan ɗaki a daskare. Ta yau ma.

Da safe ya ce mini, "Baiwar Allah, ina matar gidan?" Na ce ta fita.

Juma'a, 13 ga Janairu

Na kira Ernis. Ni na kira.

Bai ce na gaya miki ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce gobe zai taso da asuba in an buɗe hanyar kan dutse. Ya ce, "Yaya aka yi, apa?" Na ce ban ji fitarsa ba.

Na haɗa wa Maigida kaya. Riguna, safa, farar hularsa ta zuwa taro, kofin haƙora. Na ɗauko filayar daga tanderu na ba shi, ya yi murna, ya wuni yana buɗewa yana rufewa. Ban sani ba ko za su bar shi da ita a can.

Da la'asar na sa masa kaya masu kauri na fito da shi ƙofar gida, na juya shi ya fuskanci duwatsu. Na ce ka duba da kyau. Ya duba, ya ce ƙanƙara ta yi kaɗan a kai, bana za a yi fama da ruwa.

Asabar, 14 ga Janairu

Ernis ya kira daga hanya, ya ce kafin azahar.

Na kwance famfon. Leda, barguna, kwat. Ba abin da ya rage da za a tsare. Kwat ɗin na kakkaɓe na sa a jaka, nasa ne.

Daren jiya ma ya fita, ina tsammani. Takalminsa da danshi. Babu abin rufewa, ya dawo da kansa. Ni dai na yi barci tun isha har gari ya waye, dare na huɗu ke nan, kuma gwiwata ta daina zugi. Na ci burodi biyu da safe. Na tsinci kaina ina tunanin ko jaririn zai yarda da ni, har na sa allurar saƙa a jaka.

Ina neman ragowar ulu sai na ga jan zaren a aljihun rigar da na kwana da ita ranar Talata. A naɗe yake tsaf, an soke bakinsa a ciki yadda nake yi. Bai tsinke ba, ba kuma alamar ƙulli a jikinsa. Maigida bai iya naɗi haka ba.

Yana zaune a bakin ƙofa da farar hularsa, filaya a cinya. Ya tambaye ni ina za mu. Na ce rabon ruwa, a wani gari, sun aiko a zo da shi. Ya ce to a yi sauri.